Abin da Ya Rage na Injin Gwaggo

Lamisula, Maiduguri
Laraba, bayan La'asar

Zuwa ga uwata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa, tunda sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, kuma ko ranar da kika fi ɓata mini rai ban iya kiransa gatsau ba. Wushe, sannu da haɗa kaya. Allah Ya tashe ku lafiya jibi, Ya miƙe muku hanyar Gombe, Ya riƙe hannun direba, Ya tsare ku daga mugun ji da mugun gani, Ya sauke ki ke da yara a ƙofar mijinki da sauran rana, babu mai ko ciwon kai.

Na san za ki yi mamaki. Layi biyu ne tsakanina da ke, me ya kawo takarda? Bakina ne ban yarda da shi ba. Da shi na ciyar da ku, amma in na buɗe shi kasuwa ce ke fitowa, ko ban yi niyya ba. Biro kuwa yana da nauyi a hannuna, kafin ya rubuta kalma na sami damar tauna ta. Ki yi haƙuri da rubutun. Bokona bai yi nisa ba, sauransa a jikin buhu na ƙarasa shi.

Shekaranjiya da na shigo ganin yara, na tarar kina waya da mijinki Modu. Ba laɓe na yi ba, ke kika buɗe muryar wayar kina ɗaure kwanuka. Na ji yana ba ki labarin gidan da ya kama muku: ga rijiya, ga inuwar maina a ƙofa, ya ce da hannunsa ya yi fentin ɗakinki, kalar da kike so. Muryarsa har rawa take yi, irin ta wanda ya miƙo abu da hannu biyu. Ke kuwa kika ce, "To, ba laifi. Ma gani in mun zo." Can ya ce, "To, a gaida Baba." Da ya kashe na ga kin yi murmushi, har kin share ido da gefen lafaya. Wato daɗi kika ji, kika ɓoye.

Muryar taki ce, amma maganar tawa ce. Kuma wannan bakin nawa ya riga ya kori yaron nan daga garin ubansa sau ɗaya. In kika ɗaure shi cikin kwanukanki kika kai masa har Gombe, ban san inda zai sake gudu ba.

Bari in gaya miki inda na samo shi. Ranar da kakanki ya fara shiga da ni kasuwa, muka tsaya kan wani tulin albasa ja, busasshiya, mai tsukakken wuya, irin wadda ke daɗewa ba ta ruɓe ba. Na ce, "Baba, wannan ta yi kyau!" Bai tanka ba sai da muka bar rumfar, sannan ya murɗe mini kunne har na ga wuta. Ya ce, "Ka yaba, ka saya da tsada. Abin da kake so shi za ka kushe. Ba a yabon kaya sai ranar da za a rabu da shi." Na haddace maganar nan kamar karatun allo. Kuma kada in yi wa mamaci ƙarya, ta yi mini rana. In na ga buhun da raina ya biya, sai in yatsine fuska, in zaro guda, in shinshina, in jefar, in ce, "Wannan ai ruwa ce zalla, kafin Juma'a ta zama taki." In juya kamar zan tafi. Kafin in kai bakin layi an kira ni an sallama. Da haka na gina gidan da aka haife ki.

Da haka kuma na sayi akori-kurar nan tamu, wadda kuka sa wa suna Gwaggo saboda ba ta tashi da safe sai ta yi tari ta yi mita. Lokacin da na gan ta ba ta tari. A hannun wani dattijon direba take, ya tayar da ita, na sa kunne, injin yana numfashi a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Zuciyata ta ce, ga motarka. Bakina ya ce, "Malam, wannan asibiti za a kai ta ko kasuwa?" Na same ta yadda nake so. Ranar mahaifiyarki ta zauna a gaba, ke kina cinyarta, muka zaga gari ba inda za mu.

Kuskurena na farko shi ne ban san a tuɓe wannan hali a bakin zaure, a ajiye shi tare da takalmi ba. Na shiga da shi har kan tabarma. Mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, za ta wuni kan burabisko da miyar yakuwa da banda, ta ajiye mini, ta ɗan tsaya ta ce, "Malam, ya gishirin?" In ce, "Ana ci." Ta yi lalle, ta yi turare har gida ya ɗauka, in shigo in ce, "Wani abu ne ke ƙonewa?" Wata rana ta ce da ni, cikin Hausarta mai karyewar Barebari, "Malam, ni fa ba albasa ba ce. In ka yaba ni ba wanda zai ƙara maka kuɗi." Na ce, "Wa ya sani?" Ta yi dariya, na yi dariya. Na ɗauka tunda ta yi dariya magana ta wuce. Ashe mace tana iya yin dariya don kawai kada ta yi ɗayan.

Saboda haka ki ji: a kasuwa in kika kushe kaya, mai kaya ke jin zafi, kayan ba ruwansu. A gida kuwa mai kayan da kayan abu ɗaya ne. Miji ba ya tsada don an ce masa sannu. Abin da yake yi shi ne in ya daɗe bai ji ba, sai ya daina miƙo hannu biyu, ya koma miƙo ɗaya, daga nan ya ajiye a ƙasa ki ɗauka da kanki.

Na biyu. Inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Gwaggo ta daɗe tana gaya mini. Ta fara hayaƙi shuɗi da safe. Ta fara shan baƙin mai kamar shayi. Sannan wata 'yar ƙara ta fito daga ƙasa, ƙaf-ƙaf-ƙaf, in na yi lodi na taka ta. Na san me ake nufi, sauke inji ake nufi, mota ta kwanta, kasuwa ta wuce ni. Ni kuwa na san dabarar dillalan mota: ka zuba mai mai kauri irin na manyan motoci, ƙarar sai ta lafa. Abin da ya rage ka ƙara muryar rediyo. Haka na yi ta yi, ina yi wa kaina wayon da ake yi wa baƙo.

A wannan tsakanin ne mahaifiyarki ta fara zama ta huta shara ba ta ƙare ba. Takan dafe gefen cikinta in ta ɗauka ba mai kallo. Ni da nake jin noti ɗaya ya kwance ana tsakiyar hayaniyar kasuwa, kina tsammanin ban gani ba? Na gani. Na sayo mata ƙwayoyi a kemis, na sayo mata sabuwar lafaya, na ce gajiya ce. Mai mai kauri ke nan. Ranar da dole ta kai mu asibiti, likita ya duba ta, ya ce, "Tun yaushe kike jin wannan?" Ta dube ni. Sannan ta ce, "Kwanan nan ne." Har a kan gadon nan asirina take rufewa. Kwana ya ƙare, na sani, babu mai ƙara wa wani minti. Amma da na tsaya na saurara da wuri, ko ba ta warke ba, da ta san an ji ta.

In kika ji sabuwar ƙara a gidanki, uwata, ki gangara gefe ki tsaya. Miji mai surutu ya yi shiru, ko yaro mai ci ya ture kwano, ko ke da kanki kika ji jikinki ba daidai ba, kada ki ƙara rediyo. Ki tambaya, ki zauna har a ba ki amsa. Kuma kada ki yi irin na mahaifiyarki ki ɓoye ciwo don a zauna lafiya. A nan kaɗai na hana ki koyi da ita.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni injin ya buga, a hanyar Konduga, albasa cike har sama da ƙarfe. Aka jawo mu da igiya kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Makanikai suka ce zaɓi biyu ne: ko a buɗe tsohon a sake haɗa shi, ko a sayo na Beljiyam, irin waɗanda ake cirowa daga motocin waje, a ɗora. Na ce wa zai tsaya jiran tsoho? Na sa aka sauke shi aka jefa a kusurwar zaure, na nufi wajen masu injuna.

A can ba a cinikin biri a sama. A ƙasa ake ajiye injin, a jona batir, a tsoma tiyo cikin galan na fetur, a tayar maka ka ji da kunnenka. Wani Alhaji mai farin gemu ya tayar mini da ɗaya. Yagana, na ji inji a rayuwata, wannan lafiyayye ne. Babu hayaƙi, babu kakkarwa. Sai na gyara hula na fara aiki. Na ce, "Alhaji, daga wace bola aka tono wannan? Turawan da suka yar da shi ai ba mahaukata ba ne." Mutane suka yi dariya. Ni kuwa dariyar mutane ita ce giyata, in na ji ta ba na sanin birki. Na ce ko injin markaɗe ya fi shi murya. Na ce in aka ɗora wa mota wannan sai a haɗa mata da jaki na ko-ta-kwana. Ina cikin haka wani bawan Allah da ke tsaye gefe, wanda ko kallonsa ban yi ba, ya ce a hankali, "Alhaji, ni ya yi mini. Allah Ya sa albarka." Alhaji ya ce, "Na sallama."

Na ce, "Haba Alhaji, ai muna ciniki!"

Ya ce, "Da wa? Kai da ka ce bola ne? Ni ba na sayar wa mutum abin da zai riƙa zagina a kai."

Kunya ta hana ni fita hannu rabbana. Na faɗa rumfar gaba, inda aka wanke wani inji aka fesa masa fenti yana ƙyalli kamar kwanon amarya, mai shi yana ta zuba masa kirari. Na manta rabin karatun kakanki, cewa ba a yabon kaya sai ana son rabuwa da shi. Bai ga damina ta gaba ba. In kin ga abin da kike so, ki ce kina so tun yana gabanki. Kullum akwai wani a tsaye gefe wanda bai iya wayo ba, kuma shi ke tafiya da kayan.

Yanzu na zo kan Modu, kuma a nan biron ya fi nauyi.

Lokacin bai daɗe da aurenki ba, kina goyon fari. Kin san kunyarsa, ko ruwa ba ya sha a gabana, in ya hango ni a layi sai ya durƙusa tun daga nesa. Ta bakinki ya aiko: ko Baba zai bar ni in buɗe tsohon injin nan? Lokacin har kaji sun mai da shi wurin ƙwai. Na ce ya ɗauka, ya rage mini shara.

Ya kai shi garejinsu. Ya shimfiɗa kwali a inuwa, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, yana jera kowane ƙarfe a inda zai tuna. Ya wanke su da fetur cikin daro kamar mai wankan jariri. Ya kai abin da ke buƙatar yanka wajen masu yanka, ya sa sabon ringi, sabon gasket. Bawul kuwa da hannu ya zaunar da su, yana murza sanda tsakanin tafukansa kamar mace na burga miyar kuka, ya ɗaga ya duba, ya sake murzawa. Kin san yadda na sani? Ina zuwa. Sai in ƙirƙiri wata hidima a layin, in zauna bayan mai shayi inda ba zai gan ni ba, in yi ta kallo. Ban taɓa ganin mutum yana aiki da tsoron Allah a yatsunsa kamar haka ba. Kuma duk da daddare yake... a'a, kada in ƙara gishiri, da rana yake yi, tsakanin motocin mutane, lokacin da 'yan'uwansa ke cin abinci.

Ranar da ya ɗora shi ya aiko aka kira ni. Duk garejin suka taru. Ya miƙo mini makulli da hannu biyu. Na murɗa sau ɗaya, ta tashi. Uwata, muryar ranar farko ce. Muryar ranar da muka zaga gari mahaifiyarki na gaba. Na ji in ban yi magana ba hawaye zai zubo a gaban yara. Sai bakina ya bi hanyar da ya saba. Na ce, "To, ba laifi. In da masu turi za ta kai Khaddamari."

Aka bushe da dariya. Modu ya yi murmushi, ya durƙusa, yana goge hannu da tsumma. Hannun ya fita, bai daina gogewa ba. Ya ce, "Baba, a bi ta a hankali tukuna. Kada a yi mata lodi, kada a taka ta, sai ringi ya zauna. In ta kwana biyu a kawo in juye mai."

Abin da bai sani ba har yau: na bi maganarsa kamar umarnin likita. Na ƙi lodi ana tsakiyar kakar albasa. Keke yana wuce ni a titi, abokaina na ihu, "Ɗanladi, Gwaggo ta zama amarya ne?" Ina cewa cikina ke ciwo. Shekaru ta yi bayan nan ko tari ba ta yi, har sunan ya zama na banza. Kowace safiya in na murɗa makulli sai in ce a raina, Allah Ya yi wa yaron nan albarka. A raina. Ko ke ban bari kin ji ba, don kada ki kai masa ya yi tsada.

Sai ruwan nan ya zo ya ci gari. Ba sai na ba ki labari ba, da ke aka kwashe yara a ka. Gwaggo ta nutse har sitiyari. Da ruwa ya janye, Modu yana can yana fama da katangar mahaifiyarsa da ta faɗi, ya aiko ki. Ina ganinki har yanzu, kin tattare zani, laka har gwiwa, kika ce, "Baba, ya ce don Allah kada ka murɗa makulli. Sai ya zo ya cire fulogi ta amayar da ruwan da ta sha, ya juye mai. Ya ce jibi." Na ce na ji.

Amma kowa a unguwa mota yake nema ya kwashe abin da ya rage masa. Zan iya cewa tausayi ne ya motsa ni, kuma akwai shi. Sai dai tunda takarda ce ba kasuwa ba, bari in faɗa: na hango ciniki, kuma na ji nauyin a ce sa'an ɗan cikina ne zai gaya mini ranar da zan tayar da motata. Na aro batir. Na ce bismillah, na murɗa. Gum! Sau ɗaya, kamar an saki dutse cikin turmi. Shi ke nan. Ruwa ba ya matsuwa. Fistan ya taso ya tarar da shi a sama, sandarsa ta karye, ta huda cikin injin ta fito.

Maƙwabta na tsaye. Wani ya ce, "Subhanallahi, me ya faru?" Da na yi shiru ma da ya isa. Na ce, "Aikin yaran zamani ke nan. Haɗin Modu ne."

Magana zarar bunu. Kafin lakar gari ta bushe ta zaga tashoshi: ko surukinsa ya ce bai iya haɗa inji ba. Wa zai tsaya bincike? Masu kawo masa mota suka fara wucewa gaba. Shi kuwa ranar da ya yi alkawari ya zo, da 'yar jakar sifanoninsa. Ya kwanta cikin laka ya leƙa ƙasa, ya sa yatsa cikin ramin. Ya san abin da ya faru, makaho ma zai sani. Ya tashi ya durƙusa ya ce, "Allah Ya mayar da alheri, Baba." Bai ƙara ko harafi ba. Kuma na san ba zai ƙara ba, shi ya sa na zaɓe shi. Wannan ne ya fi ci mini rai: na ɗora kayana a kan wanda kunya ta ɗaure wa baki. Bayan 'yan watanni ya tattara ya tafi Gombe neman inda ba a san sunansa ba, ya bar ki da yara har ya sami wuri. Ke kuma ba ki taɓa yi mini maganar ba, amma tun ranar kika daina zama in na shigo.

Abu biyu zan gaya miki a kan wannan. In gidanki ya sha ruwa, ko na fushi ko na baƙin ciki, kada ki yi gaggawar murɗa makulli don kawai ki ji ko yana aiki. Ki bar shi ya amayar tukuna. Kun yi wata da watanni ba ku tare, shi ma ya sha nasa ruwan a can shi kaɗai. Kada ki sauka da lissafin abin da kika sha. Ku bi juna a hankali, ba lodi, sai kun zauna. Na biyun kuma, in kika yi ɓarna, ki nemi wanda ya fi kowa iya rama miki ki faɗa a gabansa. Kada ki taɓa jingina laifinki da mai kunya.

Makon jiya na je garejin. Na tsaya daidai inda na yi maganar Khaddamari, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, ku shaida. Injin da Modu ya haɗa mini ban taɓa hawa irinsa ba. Ni na kashe shi da hannuna, bayan ya aiko ya hana ni." Kin san abin da suka yi? Dariya. Wani ya ce, "Baba Ɗanladi yana yabo? Me za ka sayar mana yau?" Kin ga inda na kai kaina, gaskiyata ma ta zama talla. Sai Ba Kura, babban garejin, ya ajiye sifana ya ce, "Mu ai mun sani tun ranar. Wanda ya kamata ya ji ba ya nan."

Zan kira shi da kaina ranar Juma'a, bayan motarku ta tashi, don kada ya ɗauka wani ciniki nake ƙullawa. Ba zan sa ki dillanci ba. In ya ɗauka, zan faɗa masa yadda na faɗa a gareji. In bakina ya kauce hanya, zan kashe in sake kira.

Tare da takardar nan za a kawo miki tukunya a cikin buhu. Injin ba ya gyaruwa kuma, baƙin ƙarfensa 'yan gwangwan sun ɗauka. Amma kansa da fistan-fistan ɗin, waɗanda hannun mijinki ya wanke ya zaunar, farin ƙarfe ne, na kai su wajen masu zubin tukwane. Na tsaya aka narka su a gabana don kada a musanya. Ta fito da nauyi, gindinta da kauri, akwai ɗan tabo kusa da kunnenta inda yashin zubi ya zame. Da maƙerin ya miƙo mini, idona ya tafi kan tabon nan kai tsaye, bakina har ya buɗe. Na rufe shi. Na ce, "Ta yi kyau. Allah Ya yi wa hannunka albarka." Mutumin ya san ni shekara da shekaru. Ya dube ni ya ce, "Lafiyarka kuwa?"

Kada ki fara ta da girkin baƙi. Ki tafasa ruwa da dusa a ciki ki zubar, ki sake, sannan ki ɗora mata abinci. Ki gaya wa Modu daga ina ta fito, ko kuwa ki bar shi ya ɗaga ta ya ji nauyin, ina jin zai gane.

Gwaggo tana nan ƙofar gida kan duwatsu, cikinta fayau. An kawo mini tallar injuna, na ce a'a. Ba abin da zai shiga cikinta sai wanda kunnen Modu ya zaɓa. In Allah Ya sa wata sallah ya ga dama ya kawo ku, zan bi shi wajen masu injuna in tsaya a bayansa, hannuna a kan bakina. In kuma bai ga dama ba, ba shi da laifi, sai ta zauna yaran unguwa su ci gaba da tuƙa ta zuwa Makka.

Abin da nake roƙonki ƙarami ne. In kin sauka, kafin ki ƙirga kayanki, kafin ki ce rijiyar ta yi nisa da madafa, ki shiga ɗakin nan ki dubi fentin. Ko ya yi gurɓi-gurɓi, ko kalar ta ɗan kauce, ki juyo ki dube shi ki ce, "Ya yi kyau. Na ji daɗi." Da baki, yana ji. Murmushin da kika yi bayan ya kashe waya, nasa ne, ki kai masa abinsa.

Kakanki ya ce ba a yabon kaya sai ranar rabuwa. To ranar ta zo, ba kuma don na so ba. Saboda haka ki tsaya ki ji, ba zan maimaita a tasha ba, don a can zan ce kayanki sun yi yawa ne kawai. Ke 'ya ce ta gari. Ke kika yi jinyar mahaifiyarki ina fakewa da kasuwa. Ke kika ratso laka don ki cece ni daga kaina. Kin fi ni hankali, kin fi ni haƙuri, kuma ban taɓa shiga gidanki na fito ban ji na fi kowa arziki a garin nan ba. Duk "ba laifi" da kika taɓa ji a bakina, wannan take nufi.

Jiya na je kan kabarin mahaifiyarki na yi mata addu'a. Da na shafa, na tsaya ban san me ya riƙe ni ba. Sai na ji na ce, "Gishirin daidai yake. Kullum daidai yake." Ba wanda ya amsa. Ke naki yana da rai, yana jiranki a ƙarƙashin maina.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya zaunar da ku lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raya mini abokaina ƙanana, Ya buɗa wa mijinki ƙofofin da na rufe masa da waɗanda ban sani ba. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya sa ta yafe mini. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba. In kun isa ki sa a kira ni, ko ba za a yi magana ba in ji hayaniyar yara.

Wassalam.

Babanki, kuma ɗanki,
Ɗanladi mai albasa